Wakilci ko gurbi? Neman kalmar Hausa ga representation

Malamai da 'yan uwa masu fassara, ina neman shawararku. Duk inda ake muhawara kan finafinan dokumentari da ake yi game da shahararrun marubuta, kalmomin Ingilishi biyu ne ke yawo: diversity da representation. Ta biyun ce mai wuyar sha'ani, don haka bari in fara sallamar ta farkon.

Don Allah a daina cewa "bambanci". A kunnen mai jin Hausa, bambanci abu ne da ake nuna wa mutum, ɗan uwan wariya ne. In ka rubuta cewa masu kallo na neman a ƙara bambanci a finafinai, ka juya maganar gaba ɗaya. A ce "an ji daga mabambantan mutane", ko "muryoyi iri-iri", shi ke nan. Ba dole sai mun ƙera suna guda ba.

To, representation. Abin da ke fara zuwa bakin kowa shi ne "wakilci". A majalisa daidai ne. Amma wakili aiko shi ake yi, akwai waɗanda suka tura shi, kuma suna iya janye shi. Wa ya aiko wanda aka zaunar gaban kyamara yana sharhi kan marubuci? Darakta ne ya zaɓo shi.

Ga misali. A 2021 tashar PBS ta Amurka ta nuna dokumentarin awa 6 kan marubucin Amurka Ernest Hemingway, wanda Ken Burns da Lynn Novick suka shirya. Dab da fitowarsa, masu shirya finafinai sama da 100 suka rubuta wa tashar wasiƙa, suna ƙorafin cewa lokaci da kuɗin da take bai wa Burns sun yi yawa, alhali masu shirya fim baƙar fata da 'yan asalin Asiya da sauran tsiraru ba sa samun irin wannan dama. Waɗannan mutane ba wakili suke nema ba. Wuri suke nema a jadawalin tashar da kasafinta. Shi ya sa nake ba da shawarar "samun gurbi".

Sai dai gurbi bai ɗauke ma'anar duka ba, nan ne gizo ke saƙar. Kalmar tana kuma nufin yadda aka nuna mutum bayan an ba shi gurbin. Ana iya yin fim sukutum kan marubuciya baƙar fata, amma masu sharhi goma su cika shi da bayanin abin da take nufi, ita ko ba a ji bakinta ba sai jefi-jefi. Raoul Peck, ɗan ƙasar Haiti, ya kauce wa wannan a fim ɗinsa na 2016 kan James Baldwin, marubuci baƙar fata ɗan Amurka: bai jera masana suna fashin baƙi ba, kalaman Baldwin ɗin ne jarumin fim Samuel L. Jackson ke karantawa, tare da tsofaffin hirarrakin Baldwin ɗin. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A fim ɗin 2019 kan Toni Morrison, marubuciya baƙar fata 'yar Amurka, kuwa, ita ce ke kallon kyamara kai tsaye tana magana da mai kallo, sauran baƙin suna kallon gefe. Wannan ɓangaren ni "siffantawa" nake kiransa.

Abin lura, wanda ya shirya na Morrison ɗin, Timothy Greenfield-Sanders, farar fata ne. Ke nan ana iya kyautata siffantawa alhali tambayar wa ya samu gurbin riƙe kyamara tana nan daram. In muka cusa su cikin kalma ɗaya, mai karatu ba zai gane wanne ake ƙorafi a kai ba, kuma a ganina rabin gardamar da ake yi da Ingilishi daga wannan ruɗanin take tasowa.

Na ga wata malama ta kawo "damawa da kowa". Malama, maganarki da daɗi, amma na fi son mu ajiye ta ga inclusion, don a can ta zauna daram. Wani ɗan uwa kuma ya ce a ari kalmar kawai, kamar yadda muka ari dokumentari. Aron dokumentari yana da dalili: "fim ɗin tarihi" na iya nufin wasan kwaikwayo kan zamanin da. Nan kuwa muna da namu, har biyu.

Saboda haka a rubutuna zan riƙa cewa "samun gurbi" in ana batun wa aka saka da wa aka bari, "siffantawa" in ana batun yadda aka nuna shi. Inda ya rage mini shi ne kanun labari, inda wuri ya yi kaɗan ga biyun. Masu aiki a ɗakin labarai, wanne za ku ɗauka a can?