Neman taimako kan matsalar izinin fayiloli a saba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kula da wata manhajar rajistar ɗalibai a nan Gusau, wadda aka rubuta da Laravel (tsarin gina manhajar yanar gizo da yaren PHP), tana gudana a kan sabar Ubuntu tare da Nginx (mai karɓar buƙatun masu ziyartar shafi) da PHP-FPM (mai gudanar da manhajar). Duk lokacin da na tura sabon aiki da rsync (manhajar kwafe fayiloli zuwa saba), shafin yakan tsaya, saƙon da ke fitowa kuwa shi ne "Permission denied" (wato an hana izini) a kan storage/logs, foldar da manhajar ke rubuta rahoton ayyukanta.

A fahimtata, fayilolin da na tura suna zama mallakin asusun da nake shiga sabar da shi, alhali PHP-FPM yana aiki ne da sunan wani asusu daban, www-data, shi ya sa ba ya iya rubutu a cikinsu. Idan na mayar da su hannun www-data da chown (umarnin canza mai fayil), shafin yakan tashi, amma a turawa ta gaba sai rsync ɗin kansa ya kasa rubutu. Wani abokin aikina ya ce in sa izinin 777, wato kowane asusu a sabar ya iya karantawa da rubutu, in huta, ni kuwa ban yarda ba, domin bayanan yaran mutane ne a ciki.

Shin saka asusuna cikin rukunin www-data tare da chmod g+s (don sababbin fayiloli su gaji rukunin foldarsu) zai wadatar, ko sai na canza umask (abin da ke tsara izinin sababbin fayiloli) daga 022 zuwa 002, don rukuni ma ya iya rubutu? Ko kuwa setfacl, umarnin ba wani asusu izini na musamman, ya fi dacewa? Allah ya saka da alheri.