Abin da aka ce game da sayen filasma mai sauƙin kuɗi

Da aka tattauna batun wace filasma mai sauƙin kuɗi ya kamata mutum ya saya, yawancin mutane sun tsaya a kan allo mai inci 32 ga ɗaki, inci 43 ga falo. Wani ya ce kada a biya kuɗin 4K, wato hoto mai fita tar sosai, a ƙaramin allo, domin daga kan kujera ido ba zai bambance ba. Na yarda da shi.

Inda aka fi daɗewa shi ne wuta. Sau da yawa ba tsufa ke kashe talabijin ba, dawowar wutar NEPA da ƙarfi ce ke ƙona ta. Saboda haka a sayi sitabilaiza tare da ita, a kuma cire filogi idan hadari ya taso, har da wayar eriya, don tsawa na bi ta nan. Masu sola sun ce mai inci 32 ba ta cika wuce wat 50 ba, batir zai ɗauke ta.

A shago kuwa, a sa mai kaya ya kunna ta, a duba allon da farin hoto da baƙi ko akwai ɗigo ko layi, a gwada rimot da ramukan HDMI da USB, inda ake jona dikoda da filash. Ana manna sunan Samsung ko LG a kan jabu, don haka rasit da takardar garanti dole ne. An ambaci Hisense da TCL a matsayin masu dama-dama.

Wajen kafawa, tsakiyar allo ya yi daidai da idon wanda ke zaune, nesa da taga. Lokacin hunturu a riƙa share ƙura da busasshen ƙyalle mai laushi, ban da ruwa.