Wai da gaske James Stewart ya yi yaƙi, ko hoto kawai aka ɗauke shi da kaki?

Ɗan Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum jama'a. Ana ta gardama a wata majalisa a kan James Stewart, dogon Ba'amurken nan na finafinan kaboyi. Wasu sun ce ya kai muƙamin birgediya janar a sojan sama, wasu kuma sun ce ado ne aka yi masa don a janyo matasa shiga soja. Masu sanin harkar jirage, musamman na wajen Mando, inda sansanin sojan sama na Kaduna yake, ku warware mana: ta wace hanya ɗan fim ya zama matuƙin jirgin yaƙi, kuma wane aiki ya yi takamaimai?

Baban Khalifa, Kawo:
Wa alaikumus salam. Malam, ka faɗa musu ba ado ba ne. Abin da ya buɗe masa ƙofa shi ne lasisi, ba suna ba.

An haife shi a 1908 a jihar Pennsylvania, ya gama karatun zanen gine-gine a jami'ar Princeton a 1932. Yana cikin harkar fim ya koyi tuƙin jirgi da kuɗin aljihunsa: lasisin tuƙa jirgin kai a 1935, na haya a 1938. Kafin ya sa kaki yana da awa sama da 400 a sama.

Karon farko da ya je, likitocin soja suka mayar da shi. Tsawonsa ƙafa 6 da inci 3, nauyinsa kuwa laba 138 kacal, ya gaza ƙa'ida da laba 5, wato ɗan sama da kilo 2. Sai da ya sake zuwa awo aka karɓe shi a watan Maris 1941, makonni kaɗan bayan ya karɓi lambar Oscar ta gwarzon jarumi saboda fim ɗin The Philadelphia Story. A lura da watan, domin Amurka ba ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ba sai Disambar shekarar. Ya fara a farabiti, albashi dala 21 a wata.

Matsala ta biyu shekaru. Yana da 32, alhali makarantar horar da matuƙa ba ta ɗaukar wanda ya wuce 26. Digirinsa da lasisin haya da awannin da ya tara su suka sa aka gwada shi, aka ba shi anini ɗaya na ƙaramin laftanar a Janairun 1942. Daga nan hukuma ta so ta ajiye shi a gida, yana koyar da tuƙi yana fitowa a fim ɗin neman kurata. Shi ya matsa har aka tura shi Ingila a Nuwamba 1943.

Injiniya na Mando:
Baban Khalifa ya yi bayani. Ni bari in ɗora a kan jirgin, don a nan ne mai cewa hoto ne zai gane bai san abin da yake faɗa ba.

B-24 ya tuƙa, a rukuni na 445 da ke sansanin Tibenham, yana shugabantar ayari na 703. Jirgi ne mai inji huɗu, kowane inji ƙarfin doki wajen 1,200, mutum goma a ciki, da manyan bindigogi goma. Ba a matse iskar cikinsa kamar jirgin fasinja na yau. A tsayin ƙafa 20,000 zuwa 25,000 sanyi na kai digiri 40 ƙasa da sifili, kowa na sanye da riga mai ɗumama da lantarki da abin shaƙar oksijin. Danshin numfashi kan daskare ya toshe bututun abin shaƙar, mutum ya sume cikin 'yan mintuna bai ankara ba. Shi ya sa ake kiran kowa ta rediyo lokaci-lokaci ya amsa. Ga yoyon mai, wanda ya sa da yawa kan ɗan buɗe ƙofar ɗakin bam don tururin fetur ya fita kada tartsatsi ya tashi da su.

Wahalar tana farawa tun kafin a ga Jamus. Jirage masu yawa ne za su tashi ɗaya bayan ɗaya cikin hazon Ingila, maƙare da bam da mai, su haɗu su yi sahu. Wannan kaɗai kan ci awa guda ko fiye, kuma an sha yin karo a cikin gajimare. Sitiyarin B-24 yana da nauyi, riƙe shi kusa da ɗan'uwansa na awa bakwai ko takwas aikin ƙarfi ne. Dalilin matse sahun shi ne bindigogin kowa su kare na kusa da shi. Idan inji ɗaya ya mutu, matuƙi zai juya fukafukan farfelar su daina kama iska, amma gudu ya ragu, jirgin ya koma baya, kuma wanda ya ware daga garke shi kura ke ɗauka.

Wuri mafi muni shi ne mintunan ƙarshe kafin sakin bam. Dole a miƙe sak, ba kauce-kauce, ba canza tsayi, domin na'urar saiti ta yi lissafinta, bindigogin ƙasa kuma suna ta harbi. Jirgin gaba ne ke saiti, saura su saki nasu idan sun ga ya saki. Ke nan kuskuren shugaba kuskuren kowa ne. A wannan kujerar Stewart yake zama. An lissafa masa fita yaƙi 20, ciki har da hare-hare kan biranen Jamus na Kiel da Ludwigshafen da Balin. Don a san irin haɗarin: ranar 24 ga Fabrairu 1944, a harin birnin Gotha na Jamus, rukuninsa ya rasa jirage 13 cikin 25. Shi ba ya cikin masu tashi ran nan, amma yaransa ne ba su dawo ba.

Hajiyar Barnawa:
Injiniya, sannu da ƙoƙari. Sai dai ina ganin masu gardamar suna da ɗan abin riƙewa, kuma gara a faɗe shi. Janar ɗin ba a filin daga ya samu ba. Yaƙi ya ƙare yana kanar, an ba shi a Maris 1945, bayan ya yi aikin jami'in tsara hare-hare a rukuni na 453. Tauraron janar ɗin ya zo ne a 1959 yana cikin dakarun ko-ta-kwana, wato yana sana'arsa ta fim, yana zuwa horo lokaci-lokaci. Da aka fara kai sunansa majalisar dattawa a 1957, Sanata Margaret Chase Smith ta ƙi, tana cewa kwanakin horon da yake yi ba su kai ba. Sai bayan shekara biyu aka amince. Saboda haka kanar ɗin ba mai ja, janar ɗin kuwa an ja shi tun a lokacin.

Baban Khalifa, Kawo:
Gaskiyarki Hajiya. Ga masu kwatantawa da namu, muƙamin daidai yake da Iya Kwamado a sojan saman Najeriya. A 1966 ya shiga jirgin B-52 a matsayin ɗan kallo a wani hari a Biyetnam, ya yi ritaya a 1968. A shekarar da ta biyo baya aka kashe ɗan matarsa, wanda shi ya rene shi, a yaƙin na Biyetnam.

Ta ɓangaren fim kuwa, Yaƙin Duniya na Biyu ya ci masa shekara biyar. Ya dawo da It's a Wonderful Life a 1946, aka sa shi a takarar Oscar, amma fim ɗin bai mayar da kuɗinsa a sinima ba. Abin da ya tashe shi shi ne yarjejeniyar fim ɗin Winchester '73 a 1950, inda ya haƙura da kuɗin aiki a hannu ya karɓi kaso cikin riba. 'Yan fim ɗinmu su yi nazarin wannan da kyau: tsarin yana amfani ne kawai idan takarda ta fayyace mece ce riba, waɗanne kashe-kashe za a cire kafin rabo, kuma wa ke da ikon duba littafin kuɗi. In ba haka ba furodusa zai ce ba a ci komai ba, kuma ba ka da hujjar kama shi.

Ɗan Unguwar Rimi:
Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara sani. Injiniya, wani a majalisar yana tambaya: me ya sa 20 kawai, alhali ya ji ana cika 25 kafin a sallami mutum?

Injiniya na Mando:
Ƙa'idar 25 ɗin, wadda daga baya ta koma 30 sannan 35, ta ma'aikatan jirgi ce na yau da kullum. Shugabannin ayari karɓa-karɓa suke yi wajen jagorantar hari, ba kullum suke tashi ba. Da aka mayar da shi tsare-tsare kuma, aikinsa ya koma na dare: umarni ya iso, ya raba jirage da mutane, a tsayar da yawan mai da nauyin bam, ya yi musu bayani da asuba, sannan ya tsaya yana ƙirga masu dawowa. Waɗanda aka sallama a 25 gida suke komawa, shi kuwa yana Ingila har yaƙin Turai ya ƙare a Mayun 1945.