Neman shawara: lissafin asarar masara saboda ciyawa ya ƙi zama

Ɗalibi:
Salam jama'a, dan Allah masana noma ku taimaka min. Ina firojet ne kan yadda ciyawa ke rage amfanin masara, na ƙirga ciyawar kowace murabba'in mita na auna hatsin kowane fuloti, amma da na ja miƙaƙƙen layi a kwamfuta sai yake nuna wai inda ciyawa ta yi yawa asarar ta haura kashi 100 cikin 100. To ta yaya gona za ta yi asarar fiye da abin da za ta iya bayarwa??

Malamar Lissafi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena miƙaƙƙen layi ba zai yi maka ba. 'Yan ciyawar farko su ke ɓarna sosai, in suka cika wuri kuma sai su koma gasa da junansu kan haske da ruwa da taki, asarar ta dinga hawa a hankali har ta tsaya. Gwada lissafin da wani mai bincike, Cousens, ya fitar a 1985: asara = i×d ÷ (1 + i×d/a). d yawan ciyawa ne, i asarar da ciyawa ɗaya ke jawowa in suna kaɗan, harafin a kuma shi ne iyakar asarar. Da umarnin nls a manhajar lissafi ta R za ka yi shi, amma ka ba shi lambobin farawa na i da a masu ma'ana in ba haka ba ya yi ta ƙin tafiya. Kana da fulotin da ba ciyawa ko ɗaya dai ko? Da shi ake gwada sauran.

Ɗalibi:
Eh Malama akwai, na gode sosai.

Tsohon Malamin Gona:
Ni dai ban yarda da ƙirga kaɗai ba gaskiya. Ciyawar da ta tsiro tare da masara da wadda ta fito bayan masara ta rufe ƙasa ai ba ɗaya ba ne, ta farkon ita ce matsalar, shi ya sa masu bincike Kropff da Spitters a 1991 suka koma auna kason faɗin ganyen ciyawa a cikin jimillar ganyen ciyawa da na masara, don ganyen yana nuna wa ya riga wani fitowa. In kana da ranakun tsirowa ka saka su, yaro.

Mai Karatu:
Kuma wace irin ciyawa ce ma? In da wuta-wuta a ciki ka ware ta daban, ita a saiwa take tsotsar masara tun kafin ta leƙo waje, abin da ka ƙirga a sama ba zai nuna ɓarnarta ba.