Wa ya taɓa buga ɗan littafin wasa da kuɗin aljihunsa? Ku zo mu ji yadda kuka ƙare

Ɗan Fagge:
Salam jama'a. Kun san wasan nan da ake zagaye tebur, mutum ɗaya na jan labari sauran kowa ya ɗauki jaruminsa, in ka ce za ka tsallake rijiya sai a jefa dayis a ga ko ka haye ko ka rufta? To na rubuta nawa a kan Gizo da Ƙoƙi, shafi 16, ina so in buga shi ɗan mitsitsi irin wanda Turawa ke ce wa zin. Wanda ya taɓa yi don Allah ya ba mu labari kafin in zubar da kuɗina.

'Yar Zazzau:
Ni jerin shafuka ne ya ci ni wallahi. Takardar A4 in ka ninke ta biyu shafi 4 ce, wato 16 ɗinka takarda 4 ne kacal, amma fa shafi na 16 da na 1 su ne a fuska ɗaya, na 2 da na 15 a bayansu, ni kuma ban sani ba na jera su 1, 2, 3 kamar karatun allo, sai da aka gama kwafi 30 aka ɗinke da sitefula na buɗe na ga dodo ya mutu kafin ya bayyana. Fara ninke farar takarda ka rubuta lambobin da biro, ka warware, sannan ka bi abin da ka gani.

Malamin firamare:
Nawa ya fi naki ciwo 'yar'uwa. Na kai aikin a filash, kwamfutar mai shagon ba ta da rubutun da na yi amfani da shi, duk wani ƙ da ɗ da ɓ ya koma ɗan akwati. Ƙoƙi ta zama akwati o akwati i. Yara sun yi ta dariya har yau haka suke kiranta. Ka mai da shi PDF tun daga gida, kuma ka sa a fitar maka da guda ɗaya ka karanta kafin a saki inji.

Ɗalibi a Ingila:
Nan abin har kasuwarsa ake ci, kowa da teburinsa da 'yan littattafansa. Uban wasannin nan Dungeons & Dragons tun 1974 ya fito a Amurka, littattafansa na yanzu jibga-jibga ne ga tsada, shi ya sa ƙananan suka fi burge ni. Tun 2019 Kickstarter, shafin intanet na tara kuɗin gudummawa, ke ware lokaci don masu zin na wasa su nemi gudummawa, wasu kuma a itch.io, shafin sayar da wasanni, suke zuba nasu. Na sayi wani da takarda ɗaya ce tal, an ninke ta gida 8 an tsaga tsakiya, taswirar ma da hannu aka zana har da gogen kuskure. Ni dai a wajena zane ne cikakke, ban ma taɓa buga wasan ba, a bango na manna shi.

Baba Tsoho:
Ku yaran nan kuna ta zin zin kamar sabon abu. A shekarun 1990 haka marubutan littattafan soyayya suka yi a Kano, mutum ya tara kuɗinsa ya buga, ya raba labari kashi 1 da 2 da 3, kuɗin na ɗaya ya buga na biyu, a kai wajen Bata a sayar, wasu ma haya suke bayarwa. Ni kashi na 2 ɗina har yau yana cikin kwali don dillalin bai kawo ciniki ba. Kar ka ba da bashi ɗana.

Maman yara:
Ba wanda ya yi maganar dayis. Ranar da muka fara gwadawa da ƙannena Hajiya ta leƙo ta ga ana jifa sai salati, wai caca muka kawo mata gida. Da ƙyar na zaunar da ita na ce tatsuniya ce Hajiya, ba ko sisi a ciki, bambancin kawai masu sauraro ma suna da baki. Kafin isha ita ce ke gyara min muryar Gizo wai ban iya tsamin bakinsa ba. Ka rubuta a shafin farko cewa ba kuɗi a wasan, kuma ka bar shi da dayis ɗin lido mai fuska 6, mai fuska 20 ɗin nan da ake amfani da shi a irin wasannin nan na sha yawon nemansa ban samu ba.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai. Na ninke farar takardar yanzu, ashe shafina 17 ne, dole dai kura ta fita daga labarin.