Tsohuwar a-kori-kurata tana zafi da zarar ta ɗauki kaya

Salamu alaikum, masana mota, ku taimaka. Ina da a-kori-kura ƙirar 1994, mai injin dizal silinda huɗu. In babu kaya lafiya lau take tafiya, amma da zarar an yi mata lodi ta fuskanci hawa, sai allurar zafi ta kai ja.

Na sa sabon lagireto, ba na kamfani ba, mai sauƙin kuɗi. Na canza famfon ruwa da fambel da murfin lagireto. Wani makanike ya cire tamostat, abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in injin ya yi zafi, wai ruwa zai fi gudu, abin da ban yarda da shi ba tun farko, kuma zafin bai ragu ba.

Yanzu ruwa yana raguwa alhali ban ga inda yake yoyo ba. In na buɗe murfin lagireto lokacin da injin ke da sanyi na tayar da shi, kumfa ke ta tasowa, tiyon sama kuma ya yi tauri nan take. Salansa tana fitar da farin hayaƙi da safe, amma baƙin mai bai gauraya da ruwa ba.

Wane gwaji zai nuna min gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da jikin injin, ne ya ƙone ko kan silinda ne ya tsage, kafin in sayi kan silinda na hannu?