Gadar katako ta Luzern: tsohuwa ce ko sabuwa?

Ɗalibar Tarihi:
Assalamu alaikum. Ana cewa gadar Kapellbrücke da ke birnin Luzern na ƙasar Suwizalan ita ce gadar katako mai rufi mafi tsufa a Turai, amma kuma gobara ta cinye mafi yawanta a shekarar 1993. Tambayata ga masana ita ce, da wane dalili ake ci gaba da kiranta tsohuwar gada, kuma me ya sa tun farko aka yi mata rufi?

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malama. Batun rufi shi ne mafi sauƙi. Katakon da ruwan sama da dusar ƙanƙara ke jiƙawa, rana kuma ta busar da shi, yakan ruɓe cikin ƴan shekaru, musamman a mahaɗar ginshiƙai inda danshi ke kwanciya, saboda haka rufin yana kare ƙashin gadar ne kafin ya kare masu tafiya. An gina ta a ƙarni na 14, galibi ana ambaton shekarar 1333, a matsayin wani ɓangare na garkuwar birnin, kuma ta ratsa kogin Reuss a karkace. Tsawonta ya haura mita 270 a da, amma cike bakin kogi ya rage ta zuwa kimanin mita 204. Hasumiyar dutse mai kusurwa takwas da ke jikinta ta taɓa zama kurkuku, ta kuma zama ma'ajiyar takardun gari, kuma gobarar ba ta ci ta ba.

Tsohon Kafinta:
Ni dai a ganina, Malama, ba a auna tsufan irin wannan gini da tsufan kowane katako. Tun kafin daren 18 ga Agusta 1993 an daɗe ana cire ruɓaɓɓun katakai ana saka sababbi, kamar yadda ake sabunta yaɓen gidan ƙasa kafin damina, ba wanda zai ce gidan ya zama sabo. Abin da ake adanawa shi ne wurin, da fasalin, da dabarar haɗa katako. An bi tsohon fasalin wajen sake ginin, aka buɗe ta a watan Afrilu 1994, bai kai shekara guda ba.

Injiniya:
Na yarda da kai, Malam, amma akwai abin da kafinta ba zai iya mayarwa ba. A ƙarƙashin rufin akwai zane-zane masu kusurwa uku na ƙarni na 17, waɗanda suka nuna tarihin birnin da na waliyyansa, kuma mafi yawan waɗanda ke rataye a daren sun ƙone. Kimanin 30 ne aka iya gyarawa. An yi muhawara kan rataye kwafinsu a guraben da suka zama fanko, sai masu zaɓe a Luzern suka ƙi amincewa a shekarar 2014. Hukuncin ya yi mini daidai, domin baƙon da ya ga kwafi zai ɗauka babu abin da aka rasa.

Ɗalibar Tarihi:
Na gode ƙwarai. To, mazauna birnin suna bin ta wajen zuwa harkokinsu har yanzu, ko kuwa masu yawon buɗe ido ne suka mamaye ta?